Ani na Baki da Ani na Maƙogwaro

An yi wani mutum a nan Galili, mai gonar sha'ir wadda jaki kan gaji kafin ya zagaye ta. Rowarsa kuwa, kajin gidansa ma sun shaida.

Ya 'yan uwa, kun san harshenmu. Ani na baki yana nufin "ni". Ani na maƙogwaro shi ne talaka, wanda duniya ta danƙwafar. Mu kuwa mutanen Galili ragwaye ne wajen maƙogwaro, duka biyun ɗaya muke faɗi, har mutanen Yahudiya suna yi mana dariya.

Ran Asabar, Malam Yoyada ya karanta a majami'a cewa in an yi girbi, a bar wa ani gefen gona. Mutumin nan ya yi farat ya miƙe.

"Kun ji da kunnenku! Littafi ya ce nawa ne."

"Zauna, ɗan'uwa, ka saurari harafin," in ji malam.

"Haba malam, kai ma ai ba ka iya fitar da shi ba!"

Gaskiyarsa ce, aka kwashe da dariya.

Da girbi ya zo, tsohuwa Atara, wadda ba ta da miji ba ta da gona, ta shigo kala. Mai gonar ya kore ta, ya kori sauran matan. Ya bugi ƙirji, ya ɗaga hannu sama: "Ya Allah, ka sa gonar nan kaf ta zama ta ani!"

To, su wa ke masa girbi? 'Ya'yan matan nan ne. Suka ajiye lauje. Sha'ir ya bushe ya zube, tsuntsaye suka sha biki. Shekara uku ana haka, ya yi ta sayar da gonar gunduwa-gunduwa a wulaƙance, har ta koma hannun masu girbin. Addu'arsa ta karɓu sarai.

Da shekara ta zagayo, mutumin nan ya zo kala da kwando, yunwa ta buɗe masa maƙogwaro. Atara na cikin gonar, ta ji motsi ta ce, "Wane ne?"

"Ani."

"Wanne daga ciki?"

Ya sunkuyar da kai.

"Shigo, ɗana," in ji ta. "Yau dai ka faɗe shi daidai."

Ya 'yan uwa, wanda ya murɗe maganar Allah don cikinsa, ita za ta miƙe a kansa. Allah ya kiyaye mu da kunnen da ba ya jin kome sai "ni".