Matakalar Baba a Cikin Tabarau

Akwai wani tsohon magini da ya zame a matakalar benensa ya karya ƙugu. Daga asibiti aka hau da shi ɗakinsa na sama yana cikin magagin allura. Ƙashi ya warke sarai, amma tun daga ranar ko leƙa matakalar nan ba ya yi.

Babban ɗansa ya gaji. Ya ce ƙarshen wata zai kawo ƙarti su sauko da shi a kujera, a rufe saman.

"Ni za a kinkima kamar buhun siminti, a gidan da na gina da hannuna?" in ji Baba. "Sai dai gawata."

Autarsa na jin su. Ita aikinta na kwamfuta ne. Tana gina abu a ciki, ta fitar masa da hoton zurfi, wato hoton da ke gaya wa tabarau na musamman mene ne kusa, mene ne nesa. Wanda ya sa tabaran sai ya ga kamar yana tsaye a wurin.

Ta auna matakalar da tef, ta gina irinta sak, don Baba ya koyi sauka alhali ƙafarsa na kan daɓen ɗakinsa.

Sai dai zumuɗi ya hana ta fara gwadawa a idonta. Ta ɗora wa Baba tabaran kai tsaye.

Baba ya ƙwalla salati. Matakin da ke gaban ƙafarsa ya lume can ƙasa kamar rijiya, bangon nesa kuwa ya taso masa har hanci. Ya fizge tabaran ya yi jifa da shi.

"Sannu, injiniya," in ji Yaya, babban ɗan nan. "Ƙugu ɗaya bai ishe ki ba, ɗayan kika zo nema?"

Auta ta tsince kayanta ta zauna bincike. Ashe manhajar da ta fitar da hoton tana sa abin kusa fari, na nesa baƙi, ita kuwa ta tabaran akasin haka take karantawa. Ta juya fari da baƙin hoton. Wannan karon ta sa a idonta, ta yi ta hawa da sauka har wuyanta ya ƙage.

Ta je ta durƙusa ta ba Baba haƙuri.

"Na yafe. Amma kwashe tarkacenki."

Ba ta yi masa naci ba. Washegari ta kira Inna, matar Baba, ta sa mata tabaran a gabansa. Inna ta riƙa takawa tana dariya.

"Malam, ashe abin ba wuya! Amma kai yi zamanka, girma ya zo."

"Wa girma ya zo wa? Ke Auta, miƙo min abin nan."

Tun daga ranar kullum sai ya sa tabaran ya gwada sauka. Da farko kafaɗar Auta yake damƙa, gumi na zuba. Daga baya bango. Daga baya ya ce kowa ya matsa, suna tare masa iska.

Ƙarshen wata Yaya ya iso da ƙarti da kujera. Suna tsaye a ƙasa suna shawarar wanda zai riƙe ƙafafu, sai suka ji gyaran murya.

Baba ne a saman matakala, babu tabarau, babu sanda. Ya sauko mataki bayan mataki, Auta na bayansa ba ta taɓa shi ba. Inna ta toshe baki da mayafi. Da ƙafarsa ta taka ƙasa, ya ƙare wa ƙartin kallo.

"Tunda kun zo, kada ku koma haka. Ku hau ku sauko min da rediyona."

Darasi: Duk abin da za ka ɗora wa wani, fara ɗora wa kanka. In kuma ka ɓata, kada kunya ta kore ka, zauna ka gyara. Ku daina danna min alamar so kawai kuna wucewa, ku tura wa 'yan uwanku masu gaggawa su karanta.