Tsohon da Ya Ƙi Zuba Taki

Ranar Talata, tara ga watan Afrilun bara, aka fara wannan ɓarna. Na rubuta ranar, gama wanda ya yi shekara talatin da biyar yana kiran suna a aji ba ya cewa "kwanakin baya". Amma ku ji misali tukuna.

Akwai wani maigida mai iyali da yawa, yana da lambu, ya danƙa shi a hannun wani tsoho. Masai biyu ne a gidan. In ɗaya ya cika, tsohon yakan zuba masa toka, ya rufe shi shekara guda, har abin da ke ciki ya zama baƙar ƙasa marar wari. Sa'an nan ya kwashe, ya tara a inuwa, ya jira tana, tsutsar nan ta ƙasa. In ta shiga ta zauna, sai ya kai wa alayyafo da kuɓewa. A duk ƙasar ba lambun da ya kai nasa kyau.

Wata rana wakilin gidan ya share ɗakin magani, ya tarar da kwali uku na magungunan da wa'adinsu ya wuce. Ya ce a ransa, "Rami ba ya tonon asiri." Ya juye su duka a masai, har da maganin tsutsar ciki.

Da shekara ta zagayo, tsohon ya kwashi takin ya tara. Mako huɗu, tana ba ta shiga ba. Ya tono wasu daga bakin rafi ya sa a ciki, kashegari ya tarar duk sun mutu. Sai ya ƙi zuba takin.

Wakilin ya zo ya ce, "Baba, damina za ta jira tsutsarka ne? In ƙarfi ya ƙare ka faɗa mana, ai ba abin kunya ba ne."

Tsohon ya ce, "Ɗana, abin da tana ta ƙi ci, ba zan sa shi a miyar jikokin maigida ba."

Wakilin ya yi dariya, ya karɓe mabuɗin lambun, ya shaida wa dukan gidan cewa tsufa ya ruɗa tsohon. Amma da ma'aikata suka shiga kwashe sauran da ke gindin ramin, sai ga kwalabe da ledojin ƙwayoyi.

Ma'anar wannan misali ita ce, masai ba shi ne ƙarshen abu ba. Ko maganin da muka sha da izinin likita, wani saura nasa yakan fita da fitsari da bayan gida, shi ya sa ake ba rami lokaci, a kuma gwada. Balle wanda aka juye da kwali. Abin da ka jefa a ɓoye yakan bi ta ƙasa ya komo cikin tukunya, haka kuwa zunubi yake. Tsohon shi ne bawa mai aminci, wanda ya gwammace a yi masa dariya da ya ciyar da yara abin da bai sani ba. Yara, ku yi alfahari da irin wannan aiki. Iyaye, ragowar magani a mayar wa ma'aikacin lafiya.

Lambun nan na ikkilisiyarmu ne, a waccan Talatar aka juye magungunan, tsohon kuwa ni ne, kuma ban taɓa jin kunyar shebur ba. Dattijo Habila, kai ne wakilin, a gaban jama'a ka ce na ruɗe, lokacin sanarwa, bayan waƙa ta biyu. Na gafarta maka tuni, gama haka aka umarce ni. Amma ban karɓi "yi haƙuri" ɗin da ka raɗa mini a bayan coci ba. Inda ka tsaya ka ɓata mini suna, nan za ka tsaya ka gyara, Lahadi mai zuwa, da muryar da za a ji har bencin baya.

Malam Barnaba Tanimu,
tsohon hedimasta