Itacen da Malam Muhyiddin yake shayarwa

Akwai wani mutum a Kontagora mai suna Malam Muhyiddin, a shekarun da ake gina madatsar Kainji. Ɗan gidan malamai ne, amma aikin da ya karanta ba mai gane kansa a unguwa. Nutso yake yi a kogin Kwara, yana binciken tsofaffin jiragen da suka nitse, don a adana tarihinsu kafin ruwan dam ya binne su.

Wata rana babbar mota ta sauke masa wani dogon abu, naɗe da jiƙaƙƙun buhuna. Ya saka shi a tankin siminti a bayan gidansa, ya cika da ruwa. Kullum kuma ɗan garuwa sai ya ƙara, a tsakiyar rani, lokacin da mutane ke layi a bakin rijiya.

Maƙwabcinsa Dogo, mai sayar da gishiri, shi ya fara sa ido. Dogo mutum ne da ko gaishe shi ka yi sai ya bincika dalili. Ban ga laifinsa sosai ba, don da zargi ya tashi. Kakansa Na'Allah matuƙin jirgi ne, ya ɗauki kayan fatake ya shiga kogi, ba a sake ganinsa ba. Gari ya ce guduwa ya yi da kayan. Har gobe in aka yi faɗa da Dogo, sai an kira shi jikan ɓarawon jirgi.

Wata rana Dogo ya leƙo ta kan danga ya ce, "Malam, me kake kiwo a ruwan nan?"

"Itace ne, Dogo. Goshin wani tsohon jirgi. Ya daɗe a ruwa, in ya bushe farat ɗaya zai tsattsage ya murmushe."

"Itace ke shan ruwa ya fi saniya? To buɗe mu gani."

"Ka yi haƙuri in gama wanke lakar. Kai ne farkon wanda zan kira."

Wannan amsar ta ƙara rura abin. Kafin a ce me, kasuwa ta ɗauka cewa Muhyiddin ya kamo aljanin ruwa yana shayarwa. Wasu suka daina ba shi hannu a masallaci. Abin ya yi masa ciwo.

Ranar da Muhyiddin ya tafi Nasko, Dogo ya tara maƙwabta suka tsallake dangar. Ya zare toshiyar tankin, ya yaye buhunan. Baƙin itace ne kawai, da ragowar laka.

Maimakon kunya ta kama shi, sai ya ce, "Ɓad da kama ya yi. A bar shi a rana, zai nuna kansa." Ya kuma sallami ɗan garuwa, wai saƙon Malam ne.

Motar Nasko ta lalace a hanya, tafiyar ta ja kwanaki. Da Muhyiddin ya dawo, tare yake da wata tsohuwa yana riƙe da hannunta. Dogo ya duba, sai ya ga mahaifiyarsa ce, Inna Kyauta, wadda ke zaune a Nasko.

"Inna, me ya kawo ki?"

"Malam ya ce ya samo jirgi a ƙasan kogi, da kwanonin tagulla na fatake jibge a ciki, ba a taɓa su ba. Ya ce akwai tafin hannun yaro a sassaƙe a goshin jirgin. Ina ƙarama, babana Na'Allah ya taɓa ɗora hannuna a goshin jirginsa, ya zana shi da wuƙa. Na zo in gani, in shaida a gaban mutane."

Muhyiddin ya riga ya isa bakin tankin, ya tarar babu ruwa a ciki. Itacen ya dare gida-gida, fuskarsa ta ɓaɓɓare kamar ɓawon gyaɗa. Inna Kyauta ta miƙa hannu tana laluben wurin zanen, sai wurin ya zube a tafinta.

Dogo ya ce, "Malam, ai sauran jirgin na can. A koma."

"An rufe dam, Dogo. Ruwan da ke kansa yanzu ya fi ƙarfin nutsona. Kuma ba abin da ya haɗa jirgin da kakanka sai wannan zanen. Na ƙi faɗa maka ne don kada in sa maka rai, a zo a ga ba shi ba ne."

Tsohuwar ta ƙulle garin itacen a bakin zaninta. Ta dubi ɗanta ta ce, "Ni dama na san Baba bai gudu ba. Mutanen gari nake so su gani."

Maƙwabtan da suka taya Dogo tsallake danga suka zame ɗaya bayan ɗaya. Bai kai mako ba aka yi cacar baki a kasuwa, wani ya sake kiransa jikan ɓarawon jirgi. Dogo ya tattara gishirinsa ya koma gida.

Darasi: Kada ka yanke wa mutum hukunci don kawai ba ka fahimci aikinsa ba. Abin da zargi ya sa ka lalata, wataƙila kai ake tanadar wa shi. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, ko wani zai tsaya ya yi tambaya kafin ya yi ɓarna.