Wa Yake Mayar da Lambar Sifili?

Akwai wata budurwa a ajin koyon rubuta manhaja, kowa Auta yake ce mata. Akwai ta da kai, amma fa akwai ta da zargi. Malama ta haɗa ta da wani ɗan ajinsu, Dogo, su rubuta manhajar da za ta riƙa kiran masu jira a asibiti bi da bi. Ta kuma ce mutum ɗaya za ta kai wani kamfani koyon aiki.

Suka ajiye lambar wanda ake kira a bariyabul na gama-gari, suka sa masa suna "layi". Irin wannan kamar randar tsakar gida yake: kowane fankshin, wato guntun manhaja mai yin aiki guda, a kowane fayil, yana iya ɗiba, yana iya zubawa.

Sai abu ya fara. Lamba na tafiya lafiya lau, kwatsam ta koma sifili. Auta ta gyara, lambar ta sake komawa.

Ta saci kallon Dogo, ta gan shi yana murmushi gaban kwamfutarsa. Shi ke nan! A ranta ta ce, "Wato so yake a ce ni ce ban iya ba."

Daga nan ko ruwa za ta sha sai ta rufe kwamfuta. Da ya matso ya ce, "Auta, bari in ga fayil ɗinki, kamar akwai..." ta katse shi.

"Kamar akwai me? Malam, tsaya a naka."

Ya koma kujerarsa. Ita kuwa ta wuce wajen Malama, ranta a ɓace, ta ce Dogo yana yi mata zagon ƙasa.

Malama ta kira su duka. Ta ce, "Ku nemo min duk inda aka taɓa 'layi', fayil bayan fayil."

Aka bincika na Dogo. Karanta lambar kawai yake yi, bai canza ta ko sau ɗaya ba. Aka buɗe na Auta. Can ƙasa ga wani ɗan fankshin da ta rubuta tun farko don gwaji, ta manta da shi. Duk lokacin da aka sabunta allon da ke nuna lambar, sai ya mayar da lambar sifili.

Wayyo! Kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Malama ta ce, "Kuskuren ba komai ba ne, kowa yana yi. Amma a kamfani mutum goma ne ke taɓa manhaja ɗaya. Wanda ba ya bari a duba aikinsa, ina zan kai shi?"

Dogo aka ɗauka. Da zai fita ya tsaya kusa da ita ya ce, "Wallahi abin da na zo nuna miki ke nan ranar."

Darasi: Abin da hannu da yawa ke taɓawa, in ya lalace fara duba naka hannun kafin ka zargi ɗan'uwanka. Masu koyo, ku rage bariyabul na gama-gari, ku bar fankshin ɗaya ya riƙa canza shi. Ku tura wa abokan karatunku, wataƙila akwai Auta a cikinsu.