Sunan da Ke Ƙarƙashin Azurfa

Akwai wani likita a Riyadh mai suna Tamimu, ɗan Najeriya ne, gidansa na unguwar Ulaya. Na san shi, kodayake shekarar da abin ya faru ta kwanta mini.

Abin da ya fi so a duniya shi ne tara tsofaffin kofunan azurfa na Faransa. Ba ya shan ruwa da su, don ya san malamai sun hana. Kallo kawai. Goma sha bakwai ne, ko sha tara, jere a cikin kabad na gilashi.

Mai goge su wani dattijo ne daga Zinder, Malam Oumarou, wanda ke ƙarƙashin kafalar likitan, wato shi ya tsaya masa a takardun zama da aiki. Ya yi boko kaɗan, yana karanta Faransanci. Shi ya gane cewa kowane kofi na ɗauke da sunan yaro, domin irin kyautar da Turawa suke yi wa jariri ke nan. Idan ya ɗauki kofi sai ya hura masa numfashi, ya kira sunan a hankali, sannan ya goge.

"Baba Oumarou, da wa kake magana?" in ji Tamimu wata rana.

"Da masu kayan, Dakta."

"Ni ne mai kayan. Gobe za a kai su wurin maƙeri a kankare sunayen, a sa nawa."

Dattijon ya miƙa masa kofi guda. "Taɓa bakinsa. Ka ji? Haƙoran yarinya ne. Ta tsufa ta mutu tun kafin a haife mu. Wataƙila wannan ne kaɗai ya rage mata a duniya."

"Halas, ya isa haka, Baba. Matattun Turawa sun zama danginka ne?"

Aka kankare. Kofunan suka dawo suna sheƙi, kowanne da "Dr. Tamimu". Oumarou ya ci gaba da goge su, amma bai ƙara kiran sunan kowa ba.

Bayan Babbar Sallah, ina jin ita ce, Allah ya yi wa dattijon rasuwa. Aka binne shi bayan La'asar. Tamimu ya je, amma yana sauri, marasa lafiya na jira.

Sai ga wayar Biba, 'yar marigayin, daga Zinder.

"Dakta, don Allah a ɗauko mini hoton kabarin Baba. In nuna wa jikokinsa."

Tamimu ya koma maƙabarta. Kun san kaburburan garin nan, ba a rubuta suna. Tudun ƙasa ne da dutse, layi bayan layi. Ya yi ta zagaye har ƙafarsa ta gaji. Mai gadi ya tambaye shi cikakken sunan mamacin. Shekara goma sha ɗaya suna gida ɗaya, bai taɓa riƙe sunan mahaifin Oumarou ba.

Ya dawo gida ba hoto. Kofunan sun fara dushewa. Ya ɗauki mai alamar haƙoran nan, ya hura masa numfashi kamar yadda dattijon ke yi. A cikin tururin, ƙarƙashin sunansa, sai ga inuwar wani rubutu: Lucienne. Tururin ya bushe, ya ɓace. Ya sake hurawa, ya sake fitowa.

Sauran kofunan ba su nuna komai ba. Wanda ya san sunayen yana kwance a inda ba a sani ba.

Ya kira Biba, ya faɗa mata gaskiya. Ta ce, "Sunan kakanmu Maulud."

Ranar da na ziyarce shi, na ga ya hura wa kofin numfashi, leɓensa na motsi. Sunaye biyu yake kira: Lucienne, da Oumarou ɗan Maulud.

Darasi: Kada ka goge sunan wani don naka ya fito, kai ma kabarin da ba rubutu ke jiranka. Ka san mutanen da ke yi maka hidima tun suna raye. Ku tura wa 'yan uwa, ni ma ku tuna da ni a addu'a.