Manomin da Ya Kulle Sabon Babur a Ɗaki

Akwai wani manomi da yake zaune a wani ƙauye a bisa tsauni, inda mota ba ta kaiwa. Hanyar garin duwatsu ce da kwazazzabai, da damina kuwa laka har gwiwa. Gonarsa ta dankalin turawa tana can gangare, a bakin rafi. Asibiti mafi kusa kuma yana gindin tsaunin, tafiyar awa uku ga mai lafiyayyar ƙafa. Shi da matarsa Rifkatu sun fara manyanta, hawa da sauka ya fara yi musu nauyi.

Suna da 'ya mai suna Lidiya, tana aikin jinya a birni. Da ta ga wahalar iyayenta, sai ta aiko musu da babur mai ƙafa huɗu, irin wanda yake hawa dutse ya ratsa laka, mai wurin ɗora kaya gaba da baya. Ta kuma roƙi wani makanike na kasuwar gindin tsauni, mai suna Istifanus, ya hau da shi, ya nuna wa mahaifinta yadda zai bi da shi.

Ranar da babur ɗin ya iso, ƙauyen duka ya taru. Wannan ya shafa taya, wancan ya leƙa ƙarƙashi. Istifanus ya jira har mutane suka ragu, sa'an nan ya ja manomin gefe.

Ya ce, "Baba, abu biyu zan faɗa maka, ka riƙe su tare. Injin nan sabo ne, bai buɗe ba tukuna, ƙarafan cikinsa ba su saba da juna ba. Wata guda kada ka murɗa totur har ƙarshe, kada kuma ka ɗora masa fiye da buhu ɗaya. Na biyu, kada ka ajiye shi. Kullum ka tashe shi, ka je gona ka dawo, a hankali. Da tafiya yake buɗewa. In wata ya cika zan hau in juye baƙin mai, in ɗaure notin da suka saki, in sa giris, mu shirya shi kafin sanyi ya sauko. Sanyin nan naku yana kashe batir, yana sa mai ya yi kauri."

Manomin ya ce, "Na ji." Amma idonsa yana kan babur, ba a kan mai magana ba.

A rana ta uku ya ɗora buhu huɗu na dankali, ya ɗauki maƙwabcinsa a baya, ya nufi kasuwa. Duk inda hanya ta miƙe sai ya murɗa totur har ƙarshe, don waɗanda suke tafiya a ƙafa su juyo su kalla. Da ya isa kasuwa injin ya yi zafi, yana warin ƙuna. Istifanus ya fito daga rumfarsa, ya kai hannu kusa da injin, ya janye da sauri.

Ya ce, "Baba, me na faɗa maka? Kwana uku ke nan. Haka za ka kashe shi kafin ya yi maka aikin komai."

Ya faɗi haka a gaban masu sayen dankali, waɗansu kuwa suka yi dariya. Manomin ya sauke buhunansa, ya jira injin ya huce, ya koma gida ransa a ɓace. Da isarsa ya tura babur ɗin cikin ɗakin da yake ajiye masara, ya rufe shi da tamfol, ya sa kwaɗo a ƙofa, ya jefa mabuɗin a aljihu.

Rifkatu ta ce, "Baban Lidiya, mene ne haka?"

Ya ce, "An ce ina lalata shi. To, ga shi nan. Yanzu ba mai lalata shi."

"Ai bai ce ka kulle shi ba. Cewa ya yi ka bi shi a hankali."

"Yaron da na haifi kamarsa ne zai tsaya a tsakiyar kasuwa yana koya mini? Ban roƙi kowa babur ba. Da ƙafata na yi noma shekara arba'in."

Rifkatu ta dube shi, ta ɗauki kwandonta ta tafi gona a ƙafa. Haka ta ci gaba da yi kowace safiya, tana wucewa ta gaban ɗakin nan mai kwaɗo, ta sauka gangare, ta dawo da kaya a ka. In ta yi magana sai ya ce ta bar shi ya huta. Har ta gaji ta yi shiru.

Da wata ya cika, Istifanus ya cika alkawarinsa. Ya hau tsaunin a ƙafa, awa uku, da galan na baƙin mai a hannu da jakar sifana a kafaɗa. Manomin ya ba shi ruwa ya sha, ya tambaye shi mutanen gida, amma bai tashi daga kujerarsa ba.

Ya ce, "Ka sha wahala a banza. Lafiyarsa ƙalau. Tun ranar nan ba wanda ya taɓa shi."

Istifanus ya ce, "Baba, ai shi ne damuwar. In na yi maka magana yadda bai kamata ba, ka yi haƙuri. Amma ka buɗe mini. In ma ba za ka hau shi ba, bari in cire kan batir, in zubar da fetur ɗin da ke tanki, in ɗaga shi daga ƙasa. Rabin awa kawai."

"Na ce maka lafiyarsa ƙalau."

Istifanus ya bar galan ɗin a hannun Rifkatu, ya sauka. Bayan sati biyu ya sake hawa. Manomin ya hango shi daga nesa, ya zagaya ta bayan gida ya shiga gonar maƙwabci, bai fito ba sai da mutumin ya tafi. Lidiya ma ta kira a waya tana tambaya, ya ce mata, "Yana nan sabo fil, kamar yadda kika aiko shi." A ganinsa bai yi ƙarya ba.

Sai sanyi ya sauko. Ruwan randa ya zama ba ya taɓuwa da safe, raɓa tana kwana a kan duwatsu har rana ta ɗaga. Lokacin noman rani ne, dankali yana son ban ruwa. Wata safiya Rifkatu ta sauka rafi da bokiti, ta taka wani dutse mai santsi, ta faɗi, ƙashin ƙwaurinta ya karye har ya huda fata. Matan da suke kusa suka ɗaure wurin da ɗankwali, ɗaya ta hau da gudu ta faɗa wa mijinta.

Mutumin nan ya ruga ɗakin masara. Ya buɗe, ya yaye tamfol. Warin ɓera ne ya fara tarbarsa. Tayoyi biyu sun kwanta. Ya danna maɓallin tashi, ko ƙara bai ji ba. Ya kama igiyar tayar da inji ya ja, ya sake ja, har kafaɗarsa ta ƙage. Maza suka zo suka tura babur ɗin waje, suka gangara da shi, suka sake turo shi sama. Wani ya ɗaga kujerar babur ɗin, sai ga sheƙar ɓeraye a ciki, sun tara ɓawon masara, sun cinye wayoyi. Fetur ɗin tanki kuwa ya yi ja, ya canja wari.

Suna wannan fama har kusan awa guda ta wuce. An riga an hau da Rifkatu, tana kwance a kan tabarma a tsakar gida, leɓunanta sun bushe. Ta ɗaga kai ta ce, "Ku bar abin nan. Ku ɗauke ni kawai."

Suka cire ƙyauren ɗakin, suka shimfiɗa bargo a kai, suka ɗaure ta da zane, maza huɗu suka ɗauka, waɗansu huɗu suna biye don karɓa. Mijinta yana tafe a baya da takalmanta a hannu. Saukar da babur zai yi cikin ƙasa da awa ɗaya, su sai da suka yi awa biyar. Likita ya yi abin da zai iya, ya kuma ce da an kawo ta da wuri da aikin ya fi sauƙi, gama ciwon ya daɗe a buɗe, ƙazanta ta shiga. Rifkatu ta yi sati shida a gadon asibiti. Ta warke, amma ƙafar ba ta koma daidai ba. Da sanda take tafiya har yau, ba ta ƙara sauka rafi ba.

Tana kwance a asibiti ne manomin ya je rumfar Istifanus.

Ya ce, "Ka hau ka duba mini shi."

Istifanus bai ɗago daga abin da yake gyarawa ba. Ya ce, "Sau biyu na hau, Baba."

"Na sani. Na ga zuwanka na biyun ma."

Istifanus ya yi tsaki, ya goge hannunsa, ya ɗauki jakarsa. Kwana biyu ya yi a kan babur ɗin. Ya canja wayoyi, ya wanke tanki, ya kawo wani batir, ya juye mai, ya ba tayoyi iska. Da injin ya tashi, sai ya ce, "Har yanzu bai buɗe ba. Daga farko za mu fara. Buhu ɗaya, a hankali, kullum."

Wannan karon mutumin ya yi yadda aka ce. Ranar da aka sallami Rifkatu, shi ya ɗauko ta a kan babur ɗin, yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Suka yi nisa. Can ta ce, "Ashe yana tafiya."

Yanzu ku ji abin da misalin nan yake nufi, gama ba don babur na ba ku shi ba.

Babur ɗin nan shi ne sabon rai da Allah ya ba ka ranar da ka ba da gaskiya. Ba saye ka yi ba, aiko maka aka yi, kyauta, daga wurin wanda ya ga wahalarka. Bai kuma bar ka kai kaɗai da shi ba. Ya sa dattawa da malamai da 'yan'uwa a cikin ikkilisiya su nuna maka yadda za ka bi da shi.

Na yi shekara goma sha tara ina koyarwa a nan, na kuma ga manomin nan sau da yawa, wani lokaci namiji, wani lokaci mace. Mutum zai fito daga ruwan baftisma ranar Lahadi, kafin Lahadi ta zagayo ya shiga ƙungiyar mawaƙa, ya ɗauki azumin kwana bakwai, yana neman a ba shi bagade ya yi wa'azi, yana kuma gaya wa tsofaffi inda suka kauce. Sai wani dattijo ya ce masa, ɗana, ka bi a hankali, ka fara koyo tukuna. Shi ke nan. Ba za ka ƙara ganinsa ba. In ka je gidansa sai ya ce an ɓata masa rai. Na gaji da jin wannan magana, an ɓata mini rai. Ba wanda ya ce ka daina. Cewa aka yi ka bi a hankali.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, mai irin wannan fushi yana tsammani bangaskiyarsa tana nan lafiya. Zai ce maka, ai ban koma shan giya ba, ban yi sata ba, ina gidana. Ya ɗauka abin da ba a taɓa ba ba ya lalacewa. Bangaskiyar da ba a yin addu'a da ita, ba a yafe wa kowa da ita, ba a ziyartar marar lafiya da ita, ba sabuwa take zama ba. Mutuwa take yi a hankali, mai ita kuma ba ya ji, domin ba ya gwada ta.

Sanyi kuwa zai zo. Ba ya tambayar ko ka shirya. Ciwo zai shigo gida, ko rasuwa, ko aiki ya kuɓuce, ko jaraba ta zo a ranar da ba ka da ƙarfi. A ranar ne za ka buɗe baki ka yi addu'a, ka tarar ka manta yadda ake yi. Ba a ranar ake koya ba.

Ku kuma lura da wanda ya ɗauki nauyin fushin nan. Manomin ne ya yi fushi, amma ƙafar Rifkatu ce ta tafi. Kai da ka zauna a gida don wani ya faɗa maka magana a gaban mutane, matarka tana zuwa sujada ita kaɗai, 'ya'yanka suna kallonka suna koyo. Ranar da ɗayansu zai bukaci uba mai addu'a, me za ka ba shi?

Mu dattawa ma akwai namu a ciki. Istifanus ya faɗi gaskiya, amma a tsakiyar kasuwa ya faɗe ta. Da ya ja tsohon bayan rumfa, wataƙila da labarin ya canja. Ni kaina na yi wannan kuskure, ina kuma neman gafarar wanda na kunyata. Amma kuskuren mai gyara ba hujja ba ne a gare ka. Allah ba zai tambaye ka yadda aka yi maka magana ba, zai tambaye ka abin da ka yi da kyautarsa.

Ba na ce ku tashi gobe ku yi wani babban abu ba. Ku yi addu'a da iyalinku kafin a fita gona, ko ta minti biyar ce. Ku karanta Maganar Allah kaɗan, ku sake karantawa jibi. Wanda kuke fushi da shi, ku gaishe shi. Wanda kuma ya san wani da ya daina zuwa, ya je gidansa cikin satin nan, ko da ya je a baya an ɓoye masa.

Ranar Laraba da ƙarfe huɗu akwai taron addu'a a nan. Minti arba'in ne kawai. Larabar da ta wuce mu shida ne, huɗu a cikinmu gwauraye mata. Ku zo.