Mutumin da Aradu Ke Nema

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

An yi wani manomi, sunansa Korau. Wata damina yana huɗa a gonarsa, sai aradu ta faɗo masa. Ta ƙone malfarsa, ta tsaga ƙotar fartanya. Korau ya faɗi. Korau ya tashi. Mutanen gari suka ce, "Kai, Korau, ka yi sa'a!"

Damina ta zagayo. Ya fake ƙarƙashin tsamiya, aradu ta raba tsamiyar biyu, ta babbake masa gemu. Korau ya faɗi. Korau ya tashi. Mutane suka ce, "Anya, Korau? Tsautsayi na binka."

Ta uku kuwa yana kwance a ɗakinsa, zazzaɓi ya kayar da shi. Aradu ta huda jinka, ta narkar da zoben da ke yatsansa. Korau ya tashi yana hayaƙi. Wannan karon kowa ya janye tabarmarsa daga kusa da shi.

To, Kurege ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan fadamar Korau. Ya je wurin mai gari ya durƙusa, ya ce, "Ranka ya daɗe, aradu ba ta bin mutum haka kawai, ɓarawo take nema. In ya zauna, wata rana ta kuskure shi ta sami ɗanka."

Aka kori Korau. Ya ce, "Ban ɗauki ko allurar kowa ba. Nan aka binne cibiyata, ina zan je?" Ba wanda ya saurare shi. Ya tafi daji yana kuka, ya kafa bukka a kan wani tudu. Kurege ya gaji fadama.

Ku matso, yara, nan abin al'ajabin yake. Hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin. Ya zo kan gari ya tsaya cak, kamar mai neman wani, sai ya wuce. Gobe ma haka. Jibi ma haka. Gero ya sunkuya, rijiyoyi suka ƙafe, fadamar Kurege ta tsattsage.

Sai wata mai tallan nono ta shigo gari, ta ce, "Ku kuna nan kuna bushewa? Tudun Korau kore shar, kullum ruwa!"

Mai gari da kansa ya taka har tudun. Ya ce, "Korau, mun zalunce ka. Ka dawo gida."

Korau ya ce, "In na dawo za ta biyo ni."

"Ita muke roƙo ka kawo mana."

Korau ya ji tsoro, don bai san ko zai tashi a karo na huɗu ba. Amma ya tuna yaran garinsu. Ya dawo, ya tsaya tsakiyar fili shi kaɗai, kowa ya shige ɗaki yana leƙe.

Sama ta yi duhu. Iska ta ɗauke. Walƙiya ta sauko tsaye a gabansa, doguwa har gajimare.

Korau ya ce, "Baiwar Allah, me na yi miki?"

Aradu ta ce, "Ba ka yi mini komai ba. Tun farkon duniya, duk wanda na taɓa ba ya tashi. Kai kaɗai ka tashi. Ba ni da kowa, Korau. Gaisuwa nake zuwa."

Korau ya ce, "Na amsa. Amma don Allah, ki riƙa yin sallama daga nesa."

Ta yi dariya, ƙasa ta girgiza, ruwa ya kece. Kurege ya ruga rami, kuma har yau in ya ji tsawa ba ya leƙowa. Korau ya kwana a ɗakinsa, ya tsufa a garinsu.

Don haka, in kun ga masifa na bin mutum, kada ku yi saurin korarsa. Ba ku san abin da ke tafe tare da ita ba.

Ƙurunƙus, kan ɗan kurege. A tafi a kwanta, kuna jin tana sallama can gabas.